Fatun Surukina a Challawa

Aikina shi ne duba fatun namun daji kafin a fitar da su ƙasar waje: mesa, damo, kada. Akwai waɗanda doka ta yarda a sayar in da lasisi, akwai waɗanda aka hana gaba ɗaya. Wata shekara aka tura mu kwas Legas, wani malami ya ba mu labarin kifin shak, wani ƙaton kifin teku, yadda ake yanke masa fiffike a jefar da shi cikin teku. Ya ce wasu ƙasashen, in za a yi taron kare kifin, masu cinikin fiffiken ne ke cikin wakilansu. Na yi dariya har da tafa hannu, na ce wannan rashin kunya sai mutanen bakin teku.

Ban daɗe da dawowa Kano ba ogana ya ce in je wata majema a Challawa in duba kaya. Na tambayi ko wane ne mai kayan. Mahaifin mijina ne.

Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba ke nan. Ɗana da ya ci sunansa ma laƙabi nake kiransa da shi. In zan gaishe shi, tun daga ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa, ido a ƙasa. Shi zan cewa, "Alhaji, a kwance wancan ƙunshin"? Na san halina. Yana cewa, "'Yata, ba komai a ciki," zan ce to, in juya.

Na koma na roƙi oga ya tura wani. Ya ce, "Haba Hajiya, wa ba shi da ɗan'uwa a Challawa? Ki je ki leƙa kawai." Leƙen nan ya ɓata min rai, na kafe. Da ƙyar ya tura abokin aikina, wani mutumin Filato da bai san kowa a can ba.

Ya je, ya kwance komai, ya sami fatun kada a tsakiyar na mesa, babu lasisinsu. Aka riƙe kayan.

Mijina bai yi faɗa ba, ya dai daina min hira, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Na tsorata ƙwarai. Na ga aurena na shekaru yana rawa a kan fatar kada.

Ranar Juma'a muka je gidan iyali a Kumbotso kamar yadda muka saba. Alhaji yana zaune a kan darduma, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya dubi ɗansa.

"Na ji kana fushi da ita," in ji shi. "Ka daina. Na san fatun suna ciki, kuma da na ji ita za a turo, har daɗi na ji. Daɗin nan da na ji, shi ya fi riƙe kayan yi min ciwo." Ya juyo wajena. "Da kin zo, da na sa ki kin ci amanar aikinki da kalma ɗaya. Kin rufa min asiri da kika ƙi zuwa. Na bar fatar kada, ta akuya ta ishe ni."

Hawaye ya zubo min. Ban ɗago ba, don ba a ɗagowa.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Je ki zuba wa mijinki abinci, na ga ya rame."