Tayar da ke wuyan Ibukun

Omolara mai atamfa, wadda 'yan kasuwar Sabon Gari ke kira Maman Kehinde, a nan aka binne cibiyarta. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo ubanta daga Ogbomosho, bai kuma koma ba. Gajera ce, ga baki ga ibada, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ka gan ta a coci.

Wanta Abiodun, mai gyaran lantarki a Samaru, shi ya jawo musu abin magana. Ya auri wata nas mai suna Perla, mutuniyar Filifin, can bayan teku inda ake wani yare wai shi Tagalog. Dangi suka yi ta gunaguni, Omolara kuwa ta ga ta samu abokiyar hira. Ranar da Perla ta fara zuwa rumfa ta ji an ce aso ake sayarwa, wato tufa da Yarabanci, ta yi dariya har da riƙe ciki, don a wurinsu aso kare ne. Shi ke nan suka samu sana'a. Sai su zauna kan dilar zannuwa suna auna yaren juna kamar masu auna hatsi. Baba da Bayarabe ke kiran mahaifi, a wurin Perla "sauko" ne. Oko kuwa ya hana ta sakat: ka ɗaga murya fartanya, ka sauke mota, ka bar ta a tsakiya miji. Har ta taɓa gaya wa surukarta, uwar Abiodun, wai fartanyarta ta tafi aiki. Amma akwai inda yarukan suka haɗu, don duk biyun ba su raba mace da namiji ba. Shi ya sa Perla da surukar tata in sun juya Hausa sai su ce wa fada, limamin coci, "ki zauna".

Ciwon ciki ya ɗauke Perla, ɗanta Ibukun yana ɗan shekara bakwai. Abiodun ya kasa zaman Samaru, ya yi Legas. Omolara ta haɗa yaron da nata 'ya'yan ta raina. Ya tashi da Hausa da Yarabanci, yaren uwarsa kuwa ko kalma ɗaya ba a ƙara ji a bakinsa ba. Sai dai fuskar, wannan ta Perla ce, fari da ƙananan idanu, ko'ina ya shiga kamar baƙo.

To, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, kowa na riƙe da tasa kamar ƙwai, wata Laraba da rana tsaka aka fizge ta wani ɗan kasuwa kusa da tasha. Aka ce ɓarawo. Ibukun, a lokacin ya zama saurayi, yana gudu ya tari motar Samaru. Gudun nan ne kawai laifinsa.

Wata mai tumatir ta zo ta gaya wa Omolara. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Kafin ta isa an gama masa jina-jina. Wani da gora, wani da ƙarfen kwance taya, wani ya ɗago bulo ya sauke masa a kafaɗa, ta ji ƙarar ƙashin daga inda take. Kunnensa ya tsage, haƙora a ƙasa cikin kwata. An laluba aljihunsa ba waya, aka ce ai ya miƙa wa abokinsa. Ta yi ihu ɗanta ne, wa zai ji ta? Suka rataya masa taya, aka karɓo galan a wurin ɗan bumburutu aka juye masa tun daga ka.

Sai yaron ya ɗago, bakinsa cike da jini, ya ce, "Ina. Ina."

Wani Bahaushe ya zabga masa ƙafa. "Ina me? Mu za mu tambaye ka, ina wayar?"

Tosin bakanike, wanda ashana ke hannunsa, ya juya wa jama'a yana dariya, don ina da Yarabanci wuta ce. "Kun ji ko? Da bakinsa yake roƙo a kunna."

Ita ma Omolara wuta ta fara ji. Can Ubangiji ya buɗe mata kunne. Da wannan kalma Perla ke kiran Maryamu in tana jan carbi, da ita kuma yaron ke kiran Perla yana rarrafe. Uwa yake kira. Uwar kuwa tana kabari, in ba ita ba babu mai amsawa.

Ta sa kai cikin maza. Gorar da aka ɗaga don shi ta sauka a hannunta na dama, ya karye nan take, ba ta ma sani ba. Ta faɗa kansa, ta tura kanta cikin tayar tare da nasa, fetur ya jiƙe mata zani da ɗankwali yana shiga idonta. Daga nan ta ɗago ta dubi mai ashana.

"Tosin, ni na dafa wa uwarka ruwan jego ranar da aka haife ka. Ƙyasta. Ka je ka gaya mata ka gasa Maman Kehinde."

Wani daga baya ya ce a janye tsohuwar. Biyu suka kama ƙafarta suna ja, ta sa haƙori ta cije rigar Ibukun, suna jan ta suna jan sa, tayar na shaƙe su duka. Matan layin atamfa suka iso da kujeru da sandunan awo, suka kewaye su. Tosin ya dubi ashanar, ya dubi matan, duk ya san su, duk sun san gidansu. Ya sa ta a aljihu ya sulale. Taron ya fara raguwa ta baya, kowa kamar wucewa ya zo yi.

A baro aka tura su asibiti. Ibukun ya tashi, amma kunnen hagu ya mutu, kafaɗar kuma ta ɗoru a karkace. Hannun Omolara bai ƙara riƙe almakashi ba, da hagu take yanka yadi. Wayar kuwa ba a gan ta ba har yau. Allah Ya tsare 'ya'yanmu daga hannun taro.