Na Je Alƙahira Ganin Yarinyar da Aka Ce Rawa Take Yi

Kano

Ana kiran assalatu na fito, mai adaidaita ya bi da ni ta Ƙofar Nassarawa zuwa filin jirgi. Mayafai da atamfa nake sayarwa a kasuwar Kurmi, amma wannan karon ba sari ya fitar da ni ba. Autana Sadik, mai karatu a Alƙahira, ya ga yarinya. Yayata Hajiya Binta ta ji a bakin wata cewa yarinyar rawa take yi a gaban maza. Baffansa ya ce ba zai nema masa aurenta ba sai na amince. Ni kuwa ban taɓa sayen dilar kaya ban kwance ta ba.

Jami'in bincike ya ɗaga ledar kilishina. "Hajiya, can babu nama ne?"

"Na surukai ne, in sun cancanta. In ba su cancanta ba, naka ne."

Alƙahira

Da azahar muka sauka. Masaukin hawa uku ne a ƙafa, abincin kuma dafaffen wake da gurasa, safe da yamma. Washegari yarinyar ta zo gaishe ni. Sunanta Nafisa. Kakanninta Kanawa ne da suka tafi hajji a ƙasa, suka zauna a Sudan, daga baya iyayenta suka komo Alƙahira. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, an gaya miki ina wasa. Gaskiya ne. Gobe ki zo ki gani da idonki."

Gidan wasa

Bayan la'asar aka ɗaga labule. Wasan kwaikwayo ne, tsohon labarin Turawa da aka mayar Larabci, Sadik yana fassara mini a kunne. Wani jarumin yaƙi ne yake son matarsa, sai yaronsa ya riƙa zuba masa magana a kanta. Hujjar duka wani ƙyalle ne nata da aka gani a hannun wani. Jarumin ya shaƙe matar, da gaskiya ta fito ya kashe kansa. Nafisa ce baiwar matar. Rufe take har idon sawu, rawa ko taku ɗaya ban gani ba. Ita ta tsaya gaban jarumin ta ce masa ƙarya aka yi masa, wuƙa na hannunsa.

A waje mata na share hawaye. Sadik ya ce, "Umma, son ne ya yi masa yawa."

Na ce, "Wane so? Ƙyalle fa. Irin zane ɗaya nakan sayar wa unguwa guda. Mutum ya kwana ɗaki ɗaya da mace, bai zaunar da ita ya tambaye ta ya saurara ba, sai maganar dillali ya saya. Kansa yake so, kada a yi masa dariya."

Nafisa ta fito da jakarta ta ji ƙarshen maganar. "Ni ma haka na ce wa mai shirya wasan, Hajiya. Ya ce in yi shiru, tikiti yake sayarwa."

Ranar Juma'a na kai wa mahaifiyarta kilishin da kaina.

Gida

Da na fito daga jirgi a Kano na hangi jami'in nan, na buɗe masa tafin hannuna babu komai. Ya yi dariya.

Ban cire mayafi ba Hajiya Binta ta shigo. "To, kin ga rawar?"

"Yaya, wadda ta gaya miki, ita ta gani?"

"Ita ma ji ta yi."

"To ni na gani. Ki gaya wa Baffa ya sayi goro."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Nafisa da ta ce in zo in gani.