Ni Ɗan Warshu Ne

Zauren gidana a Aliero ya fi ƙarfin bukatata. Na gina shi da faɗi shekarar da albasa ta yi kyau, don masu wucewa su ce lalle wane ya samu. Ba wanda ya ce. Awaki sunka mayar da shi wurin kwana.

Bara waccan ɗan ƙanena, wanda ke karatu a jami'ar garinmu, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, aron zaure muke so. Ni da abokaina za mu riƙa musaffa bayan La'asar."

Musaffa dai ita ce a zauna a kewaye, kowa da Alƙur'aninsa, wannan ya karanta shafi, na damansa ya ɗauka, wanda ya yi kure a gyara mashi. Na ce su zo, ai aikin lada ne. Abin da na hango a zuciyata shi ne za a share mani kashin awaki.

Sunka share, sunka shimfiɗa tabarmi. Akwai ɗaliban jami'a, akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu da kan jingine babur ya shigo yana warin fetur. Ban taɓa ganin samari masu riƙon juna irinsu ba. Da ɗan kabu-kabun ya faɗi ya karye, su sunka kai shi wurin mai ɗori, sannan sunka kwashi tabarmi sunka koma ɗakinsa da karatu har ya fara takawa. Na ji kewarsu kwanakin nan, har na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ni kuwa wurina bakin ƙofa, bisa kujera, da carbi a hannu. Ina motsa baki, ina kaɗa kai. Wani lokaci in yi gyaran murya, "Uhm!" sai mai karatu ya tsaya cak, ya koma baya yana neman inda ya ɓata. Abin ya riƙa yi mani daɗi. Su ba su san allona a Sabbi ya tsaya ba. Daga nan na gudu fadama, malam ya gaji da aikowa. Bokon da nake rubuta wanga da shi ma na yaƙi da jahilci ne.

Kullum sai sun ce, "Baba, shigo layi mana."

Ni kuma in ce, "Ku dai yi. Ni ɗan Warshu ne. Da rubutun allo munka tashi, wanga bugun Madina naku ba ya shiga idona."

Sunka yarda. Yara masu tarbiyya, wa zai tuhumi furfura?

Ana nan sai telan ya zo da wani saurayi mutumin Maiyama, mai dakon buhunan albasa a kasuwa. Ƙato ne, amma in layi ya zo kansa sai ya koma kamar ɗan tsako. Yatsa bisa harafi, zufa na ɗiga, kalma guda sai ya tauna ta kafin ta fito. Abokan ba su taɓa gaggauta shi ba. Ɗan ƙanena kan matsa kusa ya buɗe mashi bakin ayar, ya bar shi ya ƙarasa. Yaron ya fara sakin jiki, har dariya yakan yi in an tashi.

Ran nan yana cikin fama da wata aya, ni kuma bakina ya saba, na yi "Uhm!" Wallahi ban san ko daidai yake ko kure ba. Ya ɗago ya dube ni, ya koma baya, ya rikice, ya kasa ci gaba. Na damansa ya ɗauka.

Da anka watse ya zo ya durƙusa gabana.

"Baba, ku yi haƙuri. Na san ina ɓata maku kunne. Mutum irinku da ya sauke tun ba a haihe ni ba, ya zauna yana jin wagga kwamacala tawa."

Ƙofar faɗin gaskiya ce Allah ya buɗe mani a nan. Sai na shafa gemu na ce, "A dai ƙara ƙoƙari."

Bai sake zuwa ba.

Samarin sunka riƙa barin gurbinsa a tabarma, ba mai zama. Ni kuma daga kujerata gurbin nan kawai nake gani. Telan ya bi shi kasuwa, ya dawo ya ce wai kunyar Baba yake ji. Ba wanda ya dube ni, don a ganinsu ai malami na da ikon gyara. Da sun zage ni da ya fi mani sauƙi.

Na kasa cin tuwo. Uwar ɗiyana, wadda ta san iyakar karatuna tun muna da haƙora, ta ajiye kwano ta ce, "Malam babba, mi ya hana ka ci?"

Na gaya mata. Ta riƙe haɓa.

"Kai da Sabbi ke kayarwa kamar jakin da bai san ka ba? Kai ka kori ɗan mutane daga karatun Allah? To in an tambaye ka can, sai ka yi masu uhm."

Ban gama da wannan ba, ranar kasuwar Jega sai ga samarin da wani abu naɗe cikin sabon ƙyalle. Ɗan ƙanena ya miƙo da hannu biyu, fuska cike da murna.

"Baba, mun samo maka Alƙur'ani na Warshu. Yanzu sai ka ja mu."

Na karɓa. Sun zagaya rumfunan masu littattafai cikin rana saboda ƙaryata. Na fara lalubo maganar ciwon ido, har ta zo bakina, sai idon ya faɗa kan gurbin nan. Na ce, "Gobe. Amma ba ni buɗe shi sai ɗan Maiyama na zaune kusa da ni."

Da safe na tafi kasuwar albasa da kaina. Na same shi ya sauke buhu, yana kakkaɓe kafaɗa. Ya gan ni ya nemi ɓuya bayan mota.

"Kai, zo nan, ɗan nema! Yau zan yi karatu, kuma kai nake son ka ji."

"Baba, ni wa?"

"Kai dai. In ba ka zo ba, Maiyamar zan bi ka."

Ya zo. Na bar kujera, na sauka tabarma a damansa, gwiwoyina na ƙara. Ya yi shafinsa da ƙyar. Layi ya zo kaina. Na buɗe, na ɗora yatsa, na yi bisimilla da murya irin ta limamai. Daga nan jaki ya kayar da ni. Haruffan na san fuskokinsu, amma sun ƙi gaisawa da ni. Na tauna, na tofar, na koma baya. Ɗan ƙanena ya sunkuyar da kai har goshinsa na neman tabarma.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa a haguna, ana buɗe mani bakin ayar. Ɗan Maiyama ne, bai ko dube ni ba. Na bi shi. Ya sake buɗewa, na sake bi. Haka munka rarrafa har ƙarshen shafi.

Ɗan kabu-kabu ne ya fara magana. Ya yi gyaran murya ya ce, "Uhm!" Zauren ya fashe, har da ni, har da ƙaton, yana share ido da bayan hannu.

Yanzu kujerar tana cikin gida, uwar ɗiyana ke tsince shinkafa a kanta. Yaron bai sake fashi ba, ya ma wuce ni nesa. Bai taɓa tayar da maganar makonnin da na ci mashi ba, kuma har yau durƙusawa yake in zai gaishe ni. Na ce ya bari, ya ƙi. Shi ya sa kullum nake riga kowa shiga zaure, in kakkaɓe mashi wurin zamansa kafin ya iso.