Tabki a Jikin Bango

Shekara biyu bayan babban fari aka turo ni koyarwa a lakwal ɗin Madarounfa, wato makarantar boko. Da ƙarshen shekara ya gabato, 'yan ajina suka shirya wasan kwaikwayo a kan masunta. Labarin duk a bakin tabki yake, mu kuwa ba mu da komai sai bangon aji da muka shafe da farar ƙasa. Ba fenti, kuma ni ban iya zane ba.

Wata rana da la'asar na kai fitilata gyara wurin wani tsoho mai ƙera fitilun gwangwani a bakin kasuwa. Kwanon rumfarsa duk ya huje, rana ta ratso ta zuba ɗigo-ɗigo a rigarsa. Na tsaya ina kallo har ya ce, "Mushe, lafiya?" Haka ake kiran malamin lakwal a can.

Na ce, "Baba, za ka iya yanka mini ruwa a jikin gwangwani?"

Ya yi dariya. "Ruwa kuma? To, zauna in ji."

Da ya gane, sai ya farke gwangwanin kananzir, ya bubbuge shi ya miƙe. Ya yanka layuka masu lanƙwasa a ƙasa, a sama kuma ganyen giginya. Wani direba, mahaifin ɗalibata, mai jan kamyo, wato babbar mota, zuwa Ɗan Issa, ya ara mana fitilar mota da batir. Muka manna gwangwanin a gilashin fitilar muka kunna. Ba abin da ya fito a bango sai hazo.

Tsohon ya ce, "Ja shi gaba, Mushe. Ƙara. Tsaya nan!"

Sai ga layukan sun fito fes. Ya karɓa ya ɗan girgiza, ruwan ya motsa.

Ranar wasa, bayan magariba, ya ce ba mai riƙewa sai shi. Ya naɗe hannu da tsumma don ƙarfen na ɗaukar zafi. Da haske ya faɗa bango, kowa ya zuba masa ido. Can wani masunci ya ɗaga murya: "Kai, yara, ku jefa koma mana, ga ruwa ya kwanta!" Aka fashe da dariya, yaran ma suka manta maganarsu na ɗan lokaci.

Da shekara ta kewayo, ɗalibaina suka kai masa zanensu da kansu: raƙumi, rumbu, masallaci, jirgin ƙasa. Duk ya yanka, ban da jirgin. Ya ce sai ya gan shi da idonsa tukuna, kuma yana sa ran zai gani.