Alhajin Da Ke Neman Manhajar Gano Masu Ciki

Wata rana, ana saura kwana kaɗan a fara azumi, aka kira ni wani kamfani a Sharaɗa.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san sana'ata. Idan kamfani yana son manhajar kula da ma'aikata, wadda za ta riƙe bayanansu da hutunsu da lokacin zuwansu aiki, ni ake kira in duba in ce ga wadda ta dace da su.

Kamfanin na ɗinki ne. Kayan makaranta suke yi da rigunan ma'aikatan asibiti. Ma'aikata sun haura tamanin, kusan duka mata.

Mai kamfanin ba zan faɗi sunansa ba. Mu bar shi a Alhaji.

Wadda ta tarbe ni ita ce Malama Ramlatu, mai kula da sashen ma'aikata. Shekara bakwai tana riƙe da bayanan mutanen nan a fayil-fayil na kwali, wasu har gara ta fara ci.

Ita ta yi ta naci sai da Alhaji ya yarda a sayi manhajar.

Har takarda ta rubuto min ta abin da take so. A samu wadda mace za ta nemi hutu daga wayarta, ba sai ta bar keken ɗinki ta zo ta yi layi a ƙofar ofis ba. A samu mai Hausa, don da yawansu ba su yi nisa a boko ba. Kuma kada ta tsaya in intanet ya ɗauke.

Na ce a raina, yau na haɗu da wadda ta san aikinta.

Muka shiga ofishin Alhaji, na buɗe kwamfuta, na fara nuna musu manhajoji uku da na zo da su.

Malama Ramlatu tana tambaya tana rubutawa.

Alhaji kuwa yana kan waya, yana ɓare gyaɗa yana zuba ɓawon a kan tebur. Ko sau ɗaya bai ɗago ba.

Sai da na zo shafin da ake cike bayanan ma'aikaci, inda ake rubuta mai aure ne ko marar aure.

Nan ya ajiye wayar.

"Tsaya nan, injiniya. Idan mace ta yi aure, abin nan zai sanar da ni?"

Na ce, "Ana iya saita shi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ka haɗa da wadda ta fara yawan neman izinin zuwa asibiti. Ka sa sunanta ya riƙa fitowa da ja. Kafin cikin ya fito na sallame ta, ba sai ta zo min da zancen hutun haihuwa ba."

Ya faɗi haka kamar mai sautun zare.

Malama Ramlatu ta ajiye biro a hankali.

"Alhaji, ba sai ka wahalar da baƙo ba. Ka fara da ni. Watana huɗu."



Na ɗauka zai ji kunya. Na ɗauka ko "Allah ya raba lafiya" zai ce.

Ko kallonta bai yi ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Ka gani ko? Da muna da manhajar, da tuni na sani."



Na rufe kwamfutata. Na ce masa ni ba na irin wannan aikin, ya nemi wani. Ya yi dariya, ya ce masu yi suna da yawa.

Har na hau babur ina jin haushin kaina. Da bakina na ce "ana iya saita shi", ban ma tsaya na tambayi me zai yi da shi ba. Hankalina yana kan kada aikin ya wuce ni.

Kuma bai yi ƙarya ba, masu yi suna da yawa. Cikin mako biyu wani ya je ya saita masa yadda yake so.

Sunan farko da aka cire shi ne na Malama Ramlatu. Takardar ta ce "ragin ma'aikata". Washegari ɗan ƙanwar Alhaji ya zauna a kujerarta.

Bayan wata uku ta kira ni. Ba maganar kanta ta fara yi ba.

Ta ce yanzu matan wurin ɓoye aure suke yi, kamar sun yi abin kunya. Wata mai suna Uwale, da ta fi kowa iya ɗinkin wuyan riga, ta daina zuwa awon ciki gaba ɗaya don kada sunanta ya fito da ja. Zani take ɗaure cikin da shi tamau, ta ɗora hijabi.

Ranar wata Laraba ta yanke jiki ta faɗi a kan keke. Jininta ne ya hau. Ita an samu ta rayu.

Jaririn bai zo da rai ba.

A satin ne kuma na ga hotunan Alhaji suna yawo. Sunan jikarsa ake yi, raguna biyu, yana rungume da jaririyar yana washe baki. Ya rubuta a ƙasa cewa babu kyautar da ta kai haihuwa.

Na kifa wayar. Ranar ban iya cin abinci ba.

Malama Ramlatu da Uwale sun kai ƙara, maganar tana gaban kotu. Lauyarsu ta tambaye ni ko zan yarda in maimaita abin da na ji a ofishin nan.

Na ce ta faɗa min rana kawai.

Darasi:

Manhaja ba ta da imani, kuma ba ta da mugunta. Abin da ke zuciyar mai ita take aiwatarwa, sai dai ta yi shi da sauri.

Kai mai kamfani, kafin ka tambayi wacce manhaja ce ta fi kyau, tambayi kanka me kake shirin yi wa mutanen da ke ƙarƙashinka da ita.

Ku kuma 'yan uwana masu harkar kwamfuta, ba duk abin da ake iya saitawa ne ya halatta a saita ba. Ku riƙa tambaya "don me?" kafin ku ce "ana iya". Ni ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da ma'aikata a hannunsa. Wataƙila akwai wata da ke ɗaure ciki da zani a wurinsa, shi bai sani ba.