Noti Uku a Salansar Miron

Yayana Miron bai taɓa yarda akwai abin da ƙarfi ba ya gyarawa ba. Shekara shida ya ba ni, kuma tun muna yara, in ya rufe kwalbar zaitun sai an jira ya dawo daga kiwo kafin a ci. Innarmu ta sha jifansa da takalmi a kan haka. Sau biyu yana murɗe kan famfon gidana wai yana ɗiga. Ƙato ne, tafin hannunsa kamar faranti, ga gashin baki, ga baƙar rigar da bai sake cirewa ba tun rasuwar matarsa. Amma kada ka ji haka ka ɗauka mugu ne. Miron ne zai cusa jinjirin rago a cikin rigarsa, ya yi tafiyar awa biyu cikin dusar ƙanƙara yana lallashinsa kamar ɗan da ya haifa.

Tumakinsa suna can saman tsauni, inda yake da bukkar dutse irin ta kowane makiyayi a nan tsibirinmu na Kirit. Kullum da asuba zai hau, ya tatsa, ya sauko mini da madara ni kuma in yi cuku. Abin hawansa wata jar a-kori-kura ce da ta haura shekara talatin. Tsatsa ta cinye ƙasan gidan gaba, har kana hango titi ta tsakanin ƙafafunka, shi kuwa ya shimfiɗa buhu a kai ya ce an gama. Da sanyi sai ya cusa tsummokara a duk wata kafa ta taga, ya kunna hita, domin a nan ƙasa wajen ƙafar fasinja yake kwantar da jariran tumakin da suka zo da rauni. Kowa haka yake yi a garinmu.

A watan Janairun da nake ba da labari, tumaki na tsakiyar haihuwa, salansar motar ta fara ruri. Tun daga kan kwana nake jin zuwansa. Na dame shi da mita har ya gaji ya kai ta garejin Baba Sifis, na bi shi don kada ya zille.

Baba Sifis ɗan tsurut ne, tsoho, kuma kaf ƙauyen nan babu matsoraci irinsa. Ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya sa mata waigi huɗu. In yana tuƙi, jaki ma sai ya wuce shi. Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance inda bututun salansa ya haɗu da inji, ya fito da wani faifan da ya ƙone ƙurmus, ya sa sabo. Noti uku ne ke riƙe da wurin. Ya jira inji ya huce sarai, ya fara ɗaura su da yatsu, sannan ya ɗauko sifana: wannan kaɗan, wancan kaɗan, na ukun kaɗan, ya sake zagayowa. Sau uku yana zagayawa. A ƙarshe ya ɗauko doguwar sifanarsa mai awo, wadda ke yin ƙas in noti ya kai inda ake so.

Miron na tsaye yana taunar gashin baki. Ya ce, "Baba, ɗaure noti kake yi ko shafa kan jariri?"

Baba Sifis ya ce, "Kai dai ji nan. In ta yi zafi ta huce sau biyu, notin nan za su ɗan saki, haka ƙarfe yake. Jibi ka dawo in sake zagaya su. Kada ka taɓa, Miron. Ka ji ko? Na san hannunka."

"To, sarkin tsoro."

"Eh, na ji, ni ne. Jibi."

Jibin ta zo, tumaki bakwai suka haihu rana ɗaya, wa yake ta gareji? Kwana huɗu bayan nan ya sauko da madara, motar na wani ɗan tsit-tsit daga ƙasa. A tsakar gidana ya tsaya, inji na huci da zafi. Na ce, "Yaya, ga garejin can, ko minti biyar ba za ka yi ba."

Ya ce, "In je tsohon nan ya shafa mata mai ya ce in dawo gata? Miƙo mini wancan bututun."

Ni na miƙa masa, da hannuna. Ya zura bututun ƙarfen a ƙotar sifana don ta ƙara tsawo, ya kwanta a ƙasa, ya kama noti ɗaya ya murɗa shi har sai da motar ta girgiza. Ya koma na biyu. Na ji ƙarar abu ya karye, ɗas. Ya ɗan yi zagi, ya ce in ba shi wayar ƙarfe. Ya ɗaɗɗaure wurin, ya fito yana karkaɗe riga.

"Noti ɗaya nawa ya fi ukun Sifis. In kika gaya masa, ni da ke ne."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Kwana biyu da yin haka ya shigo mini da la'asar, fuskarsa ba daɗi. Ya ajiye jariran tumaki biyu a bakin ƙofa, matattu. Ya ce lafiya lau ya ɗauko su daga sama, har ɗaya na tsotson yatsarsa, kafin ya iso gari sun sandare. Jiya ma ɗaya ya mutu haka. Ya zauna a kujera ya dafe kai.

"Argiro, kaina kamar ana sara da gatari. Ga jiri, ga tashin zuciya. Barci kuwa, yau saura kaɗan in faɗa rami a kwanar coci." Sai ya yi wata doguwar hamma.

To ku gaya mini, wace mace ce a garin nan za ta ji ciwon kai, da hamma, da kasala, da dabbobi na mutuwa ba ciwon komai, ta ce wani abu ban da kambun baka? Ni kuwa an san ni da cire shi, wajen mahaifinmu na karɓi addu'ar. Na tambaye shi ko wani ya yaba garkensa kwanan nan. Ya ce ƙwarai, makiyayin da ke ƙetaren kwari ya tsaya ya ce bana ka yi goshi, kuma bai tofa yawu ba kamar yadda ake yi a nan don kare ido.

Na ce, "Shi ke nan, mai shuɗin idon nan! Ai na sani."

Na ɗebo ruwa a kofi, na karanta addu'ar a zuci, na ɗiga man zaitun sau uku. Man ya baje. Ni ma hamma ta kama ni har da hawaye. Na ce, "Ka gani? An ci ka da ido, Yaya, mai nauyi ma." Na ba shi ya kurɓa sau uku, na shafa masa sauran a goshi. Ya zauna wajen awa guda a tsakar gida yana shan iska, sai ga shi ya warware, har ya ci wake kwano biyu. Ya ce, "Autar Inna, hannunki da albarka." Na ji daɗi har raina. Na ce gobe akwai sanyi sosai, ya toshe tagogin nan da kyau kada iska ta buge shi.

Washegari wajen ƙarfe takwas na kai wa matar Baba Sifis cuku. Ba ta nan, sai shi a bakin gareji yana shan kofi. Don in tsokane shi na ce, "Baba, jiya na yi gyaran da ya fi naka," na kwashe labarin na ba shi, da ciwon kan, da barcin, da jariran tumakin.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "A ina tumakin suke kwance da suka mutu?"

"A gidan gaba mana, a ƙasa, kan buhu."

"Ya taɓa notin nan?"

Na duƙa ina gyara kwandon cukun.

"Argiro! Ya taɓa?"

Na ce ɗaya ya karye, ya ɗaure da waya.

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Ya ce, "Ya danne gefe ɗaya, ɗaya gefen ya buɗe baki. Hayaƙin ba ya kaiwa baya, 'yar nan, a ƙarƙashin ƙafarsa yake fita, ta ramin nan yake shiga. Wanda ke kisan ba shi da wari, barci kawai yake sa mutum. Yanzu yana ina?"

Na san inda yake, kowa ya sani. In ya gama tatsa, Miron shiga mota yake yi, ya tada inji, ya kunna hita, ya ci burodi da cuku, ya ɗan runtsa kafin ya sauko. Shekara talatin haka yake yi, kuma daidai wannan lokacin. Na danna wayarsa, ba ta shiga, can sama babu sabis.

Baba Sifis ya kira motar asibiti yana gudu zuwa tasa motar. Ya ce, "Shigo!"

Tafiyar minti arba'in ce zuwa bukkar. Mutumin da jaki ke wucewa, ranar nan ya taka mota har tayoyi na watsa tsakuwa cikin kwari. Ni ban ma ji tsoron ramin ba. Ina riƙe da ƙofa ina ta kiran Allah, ina cewa ya Ubangiji ka sa tunkiya ta ɓata masa lokaci, ka sa mai ya ƙare, ka sa yau ɗaya ya ƙi jin yunwa. Abin da ke ta dawo mini shi ne muryata ina ce masa ya toshe tagogi da kyau.

Na ce, "Baba, minti nawa mutum yake yi a ciki?"

Ya ƙara taka totur.

"Baba, don Allah, minti nawa?"

Ya ce, "Yi addu'arki, ki bar ni da hanya."

Daga inda kwalta ta ƙare dusar ƙanƙara ta fara. Sau biyu motar na zamewa, sau ɗaya muka daki dutse, bai ko tsaya dubawa ba. Da muka sha kwanar ƙarshe sai na jiyo inji yana aiki. Wayyo, wannan ƙara! Ga jar motar a tsaye gefen bukka, gilasai sun yi gumi ba a ganin ciki, karnukansa biyu na zagaya ta suna kuka.

Ban san lokacin da na dira ba. Na fizgi ƙofa, tsummokara suka zubo. Yana zaune, kansa a jingine da sitiyari, burodi a cinyarsa da gatsa ɗaya. Fuskarsa jawur, kyakkyawa, kamar mai ƙoshin lafiya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na kira shi, na mare shi, ko motsi. Baba Sifis ya kashe inji, ya ce in kama ƙafa. Mu biyu, tsoho da mace, muka jawo ƙaton nan muka yar a kan ƙanƙara. Baba Sifis ya kara kunne a bakinsa. Na tsaya ina kallon bayan kan tsohon.

Ya ce, "Yana jan numfashi. Kaɗan-kaɗan, amma yana ja."

A bayan motar Baba Sifis muka kwantar da shi, a fili, iska na dukansa, kansa a cinyata. Ina ta yi masa ihu a kunne har muka haɗu da motar asibiti a rabin hanya.

Kwana uku bai farka ba. Ran na huɗu ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Inna, an tatsa?" Innarmu ta shekara ashirin a kabari. Likitar ta ja ni waje ta ce hayaƙin ya daɗe a jininsa, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani abin zai dawo, wani ba zai dawo ba, sai dai a jira. Ta tambaye ni ko bai yi kukan ciwon kai ba kafin ranar. Na ce ya yi. Ta ce me aka ba shi?

Baba Sifis ya hau da kansa ya sauko da motar, tagogi a buɗe cikin sanyin nan. Ya ciro karyayyen ƙarfen, ya sa sabon faifai, ya zagaya notin uku yadda ya saba, ya liƙe ramin ƙasan da fallen ƙarfe. Da ya kawo mini makullin ya ce, "Ɗaurin notin ko kwata na awa bai ci ba." Ya juya ya tafi yana share ido da hula.

Miron ya dawo gidana da zama. Sunana ya dawo masa, yana ci da kansa, yana hira, wani lokacin har ya tsokane ni. Amma abin da aka yi da safe ba ya kaiwa rana a kansa, kuma likita ta ce ko da wasa kada ya sake riƙe sitiyari. Tumakin, ɗan kawunmu ne ya karɓe su. Na gaya masa haka sau ɗaya, ya yi kuka kamar yaro, washegari ya manta ya sake tambaya, ban ƙara faɗa ba. Makullin yana cikin tulun da nake ajiye gishiri, kuma duk fitar da zan yi ina tsoron kada ya lalubo shi.

Kullum da sassafe zan same shi a bakin ƙofa, ya sa takalmansa, ya ɗaura ɗankwalinsa na makiyaya, sanda a hannu.

"Argiro, ina makullin? Tumaki na jira."

"Motar na wajen Baba Sifis, Yaya. Ya ce gobe."

"Tsohon nan akwai nawa," in ji shi, sai ya zauna ya fara kwance igiyar takalmi.

Bana shekara huɗu ke nan ina ce masa gobe.