Ni Na Koya Wa Mahaifina Yin Shiru

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a mujallarku, kuma don Allah a sakaya sunana.

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Azuba, kusa da Lafiya, da kwalin digiri da takaicin rashin aiki. Ni ce auta, mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena kowa na gidansa, saboda haka daga ni sai Baba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ido ya yi rauni, amma baki kam ma sha Allah. Idan ya ɗauko labarin yadda kakanninmu suka taso daga Borno suka zauna a Lafiya, sai shayinka ya huce bai kai rabi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa uwata yake kirana, kuma ni ce mai sauraronsa ko ina so ko ba na so.

Wata ƙawata ce ta nuna mini aikin gwajin manhajoji da shafukan intanet. Kamfani zai turo miki manhaja, ki buɗe ki yi amfani da ita, waya tana naɗar abin da kike taɓawa da muryarki, kina faɗin abin da ya yi miki daɗi da abin da ya ruɗa ki. Idan aikin ya karɓu a biya ki. Sharaɗinsu babba shi ne kada a ji wata hayaniya a bayanki. Na ji daɗin aikin sosai, don na daina miƙa hannu a sayo mini sabulu. Matsalar ita ce duk gidanmu babu inda sabis yake kamawa da kyau sai falon Baba, daidai tagar da yake ajiye kujerarsa.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar gwada wata manhajar sayar da kayan jarirai, sai ga Baba ya shigo. Ya leƙo wayar, ya hango hoton jinjiri a cikin shawul, sai ya fashe da dariya, ya tambaye ni ko shiri na fara ne ban gaya masa ba. Ina ta yi masa alama da hannu, bai gani ba. Ya zauna ya ce hoton ya tuna masa da wata waƙar raino ta Barbarci da mahaifiyarsa take yi masa, ya kuwa shiga rera ta, yana buga gwiwa da tafin hannu. Ban taɓa jin ya yi ta ba sai ranar. Ni kuwa idona na kan lokacin da ke ƙarewa. Na tura aikin a haka, washegari suka dawo mini da shi, suka ce hayaniya ta yi yawa, suka rage mini maki.

Abin da na yi daga nan shi ne yake cina har yau. Na goge kwafin da ke wayata cikin fushi, na je na same shi. Ban ɗaga murya ba, amma na gaya masa cewa surutunsa ya jawo mini asara, kuma wannan aiki ne ba wasa ba. Ya kalle ni, ya ce in yi haƙuri, bai san uwarsa ta zama ma'aikaciya ba. Daga ranar, da ya ga na ɗauko waya na nufo taga, sai ya kashe rediyonsa, ya ɗauki kujerarsa ya fita ƙofar gida. Idan baƙo ya yi sallama, da sauri yake tarar sa a waje ya ce a yi a hankali, ana aiki a ciki. Har alfahari yake da ni wajen abokansa na masallaci. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, murna na yi. Makina ya hau, ayyuka suka yi ta shigowa, ban lura ba cewa ko lokacin da ba na aiki ya daina ba ni labari.

Da damina ta kama ya kwanta ciwo, bai yi mako guda ba Allah Ya karɓi abinSa. Bayan an share makoki, babbar yayarmu ta tambaya ko akwai mai muryar Baba a waya, tana so 'ya'yanta su riƙa ji. Kowa ya duba, babu. Ƙaramar waya mai tocila yake riƙewa, bai taɓa tura saƙon murya ba. Duk suka juyo gare ni, tunda ni ce kullum cikin naɗar magana a falonsa. Na buɗe wayata, ga naɗe-naɗe nan birjik, duk muryata ce ina bayani a kan maɓalli da launi. Na rubuta wa kamfanin nan ina roƙonsu wancan aikin da suka ƙi karɓa. Suka amsa cikin ladabi cewa irinsa ba sa ajiyewa, an daɗe da gogewa. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina kasa kunne ko zan tsinci tarinsa. A guda ɗaya kawai na ji ƙarar ƙofa ana jawo ta a hankali.

Ban ce aikin nan haram ba ne, har yanzu ina taɓawa, kuma yana rufa mini asiri. Amma na gane cewa aikin da ake yi a gida, wurin wani yake ci, kuma tsoho ba zai yi maka gardama ba, matsawa kawai zai yi. 'Yan'uwana masu neman na kansu ta waya, idan akwai dattijon da ke damunku da surutu, ku ajiye wayar ku saurare shi, in ma za ku naɗa to shi za ku naɗa. Ina kewar Baba, kewar da ban san inda zan kai ta ba. Fuskarsa tana nan a hoto. Muryar ce ta fara kuɓuce mini. Jiya na zauna ina ƙoƙarin tuna yadda yake kirana, sai na ji muryar yayana ce take zuwa mini a kunne.